Jinin Mata Ashirin da Huɗu

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe shida da rabi na yamma

Dakta Datti, shugaban bincikenmu, ya ce in sake. Kalma ɗaya, "Sake," ya turo mini kwamfutar da ɗan yatsa kamar kwanon da aka gama cin abinci a ciki.

Wata biyu na yi a kan aikin nan. Jinin mata masu ciki ashirin da huɗu ne daga asibitin unguwarmu a nan Suleja. Sha biyu jininsu ya hau har wasu suka yi jijjiga, sha biyu lafiyarsu lau. An tura jinin ƙasar waje, na'ura ta ƙirga yawan aikin da kowace ƙwayar gado take yi a jikin kowace mace, aka dawo mana da tebur mai layi dubu ashirin da ɗaya. Nawa aikin shi ne in nemo ƙwayoyin da suka bambanta masu ciwon da marasa ciwon. Na nema. Babu ko ɗaya da ta tsaya da ƙafarta.

Ya duba jerin sama da ƙasa, ya ce, "Ina ƙwayata?"

Akwai wata ƙwaya da ya shekara uku yana ambatonta a kowane taro, wai ita za ta nuna ciwon tun kafin ya kama mace.

Na ce, "Ta fita tun wajen tacewa, Dakta."

"Wa ya ce ki tace?"

"Kai ne, a watan Afrilu. Yana cikin tsarin aiki, shafi na shida, da sa hannunka."

Yemi, wanda teburinsa ke kusa da nawa, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Awa biyu da rabi na yi daga Abuja zuwa gida saboda cunkoson Madalla, duk tsawon hanyar ina sake yin maganar a raina, ina ƙara abin da ban faɗa ba.

Talata, 8 ga Yuli, bayan asuba

Zan rubuta shi a nan ko don in tabbatar wa kaina ban zare ba.

A cikin layi dubu ashirin da ɗaya, dubu bakwai da 'yan kai kusan sifili ne daga farko har ƙarshe. Na'ura ta ga ɗaya a nan, biyu a can. Ba za ka iya gina magana a kan wannan ba, ko a jini guda ka auna sau biyu lambar za ta canza. Shi ya sa ake zubar da su tun farko, da ƙa'ida ɗaya ga kowa, kafin a duba wacce ta nuna bambanci. Tamu ƙa'idar: sai ƙwaya ta kai goma a jikin mata sha biyu aƙalla. Sha biyu, don ko da a masu ciwon kaɗai take fitowa, za ta tsira.

Ƙwayar Dakta: huɗu, bakwai, biyu. Sauran mata ashirin da ɗaya, sifili. Akwai ƙwayoyin da suke kai dubu talatin a mace guda.

Kafin ake tacewa. Kafin.

Ummi, 'yar yayata, ta tashi da kuka, Mama tana salla. Zan ɗauke ta.

Laraba, 9 ga Yuli, azahar, a bayan ofis

Yanzu na san abin da yake so. Ya zana mini shi a allo kamar 'yar firamare.

In yi gwajin a kan duka dubu ashirin da ɗaya. In duba sakamako. In ajiye ɗari ukun da suka fi nuna bambanci, har da tasa, in watsar da sauran. Sannan in yi gyaran lissafi a kan ɗari ukun kawai.

Na ce, "Dakta, in mutum ya yi tambaya dubu ashirin, kusan dubu ɗaya za su amsa masa da e ko da babu komai a ƙasa, dace kawai. Gyaran lissafin don haka aka yi shi, kuma sai an faɗa masa gaskiyar yawan tambayoyin. In na ce masa ɗari uku na yi, ƙarya na yi masa."

Ya ce, "Tacewa tacewa ce, Sa'ida. Ke kin tace da farko, ni na ce a ƙarshe. Mene ne bambancin?"

"Ni ban ga sakamako ba lokacin da na tace. Kai ka gani."

Sai ya kawo wata magana, kuma ba zan ce shirme ba ce. Ya ce in ciwon iri-iri ne fa, in matan nan uku wani nau'i ne daban? Na ce yana yiwuwa. In haka ne a ɗebi sabon jini daga wasu matan, a auna wannan ƙwayar ita kaɗai. Wata huɗu ya isa.

Ya ce rahoto ranar ashirin da biyar ga wata zai tafi wajen abokan aikinmu, ba shi da wata huɗu. Ya ce, "Mata suna mutuwa, ke kina nan kina mini wa'azin lissafi."

Ni zai faɗa wa mata suna mutuwa.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Ni zai faɗa wa.

Juma'a, 11 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Na yi wani gwaji yau.

Na cire wa matan sunayen rukuninsu, na rubuta lambobinsu a 'yan takardu, na zuba a kofin shayi, na sa Yemi ya zaro sha biyu ido rufe. Na kira su "masu ciwo", sauran "masu lafiya". Rabon banza, babu ma'ana. Na bi hanyar Dakta tiryan-tiryan. Ƙwayoyi ɗari biyu da tamanin suka ci. Na sake cakuɗawa, ɗari biyu da casa'in. Sau goma na yi, ko sau ɗaya ba ta ba ni hannu wofi ba.

Yemi ya daɗe yana kallon allon. Da Hausarsa ta haifaffen Suleja ya ce, "Wallahi gaskiyarki ce. Amma kar ki kai masa."

Na kai masa.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya karanta, ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu. Ya ce, "Kin gama ba ni darasi? Ranar Litinin ki miƙa wa Yemi fayilolin."

Asabar, 12 ga Yuli, hantsi

Ruwa tun safe. Ɗakin Mama yana yoyo a inda ya saba. Na wanke kayan Ummi, babu wurin shanya. Ban yi wa kowa magana ba sai da Mama ta ce, "Ke da wa kuma?" Na ce aiki ne. Ta ce aikin da zai sa mutum ya riƙa dukan bokiti ba aiki ba ne.

Wata bakwai yau da rasuwar Yaya Fatsuma.

Lahadi, 13 ga Yuli, la'asar

Na je unguwar Iku wajen Hilda bayan ta dawo daga coci. Ita ce nas ɗin da ta ɗebi jinin matan duka, ita kaɗai ke riƙe da littafin da ya haɗa lamba da suna. Tare muka yi sakandare. Ta dafa mini masara, muka zauna a barandarta muna kallon gonar da ake yankawa ana gina ɗakunan haya.

Na ba ta labari. Ta ce ita ba ta gane lissafin ba, amma ta gane mutum ya ga amsa sannan ya rubuta tambaya.

Daga nan na yi abin da na rantse ba zan yi ba. Na ce, "Hilda, lamba uku, lamba tara, lamba sha ɗaya. Su ne suke da ƙwayar. Yaya Fatsuma tana cikinsu?"

Ta ajiye masarar. "Sa'ida."

"E ko a'a kawai."

"In na ce e, me za ki yi? In na ce a'a, me za ki yi?"

"Babu komai. Sani kawai nake so."

"Ƙarya kike, ƙawata. In na ce e, gobe za ki koma ki ce wa Dakta ya yi gaskiya. Ba yanzu kika gama faɗa mini ba a leƙa amsa kafin a yanke hukunci ba?"

Na tashi na ɗauki jakata. Na ce mata abin da bai kamata ba, game da ranar da Yaya ta rasu, da wanda yake bakin aiki, da awa nawa aka yi kafin a kira likita. Ba ta rama ba. Ta rako ni har bakin titi ta tsayar mini da keke.

Na fi jin haushinta a kan na Dakta, don ita ta yi gaskiya.

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Na miƙa fayilolin. Yemi bai kalli idona ba. Matarsa tana da cikin wata takwas, kuma kwantiraginsa irin nawa ne, na shekara-shekara. Na sani. Sanin bai rage mini komai ba.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan magariba

Yayata tana cikin teburin nan. Ɗaya ce daga layuka sha biyu na tsaye, ban san wanne ba. Wata biyu ina buɗe shi kowace safiya ina gaishe su duka. Ban taɓa faɗa wa Dakta ba, don da ya sani tun farko da ya cire ni daga aikin, kuma da ya yi daidai. Wannan laifina ne, na rubuta shi.

Yana tsammanin ba na son ƙwayarsa ta zama gaskiya. Babu wanda ya kai ni so a ginin nan. Ranar da na ga huɗu, bakwai, biyu, banɗaki na shiga na zauna minti ashirin. Na dawo na gwada rage ƙa'idar daga goma zuwa biyu. Ba ta tsira ba. Na yi tunanin mayar da sha biyu uku. Na riga na rubuta ukun, sai na ga abin da nake yi, na goge.

Saboda haka na san yadda abin yake zuwa wa mutum. Ba ya zuwa da fuskar ƙarya, da fuskar tausayi yake zuwa.

Amma in aka yi gwajin asibiti da wannan ƙwayar, mace irin Yaya za ta zo, a auna, a ga sifili, a ce mata je ki gida lafiyarki ƙalau. Tara cikin sha biyun da suka yi ciwon sifili suke da shi. Tara.

Alhamis, 17 ga Yuli, azahar

An hana ni shiga taron mako. Wai na masu rubuta rahoto ne kawai.

Juma'a, 18 ga Yuli, ƙarfe biyar da kwata

Yemi ya bi ni har wurin jiran mota, ya nuna mini rahoton a wayarsa. Ƙwayoyi kusan ɗari uku, ta Dakta da jan rubutu. Wannan ban yi mamaki ba.

Sashen bayanin hanyar aiki ne ya ba ni mamaki. Ba su taɓa shi ba. Jimlata ce, wadda na rubuta a watan Mayu: an cire ƙwayoyi masu ƙarancin lamba kafin gwaji, ba tare da duba sakamako ba. A ƙasa an sa: lissafi, Sa'ida Khamis.

Na ce, "Yemi, wannan ba abin da ka yi ba ne."

"Na faɗa masa. Ya ce ƙananan bayanai ne, za a gyara in an zo bugawa."

"Da sunana."

"Ya ce alheri ya yi miki da bai cire ki ba."

Mota ta zo, na bar ta ta wuce. Ta biyu ma haka. Ban san me nake jira ba.

Asabar, 19 ga Yuli, safe

Na rubuta masa saƙo: a cire sunana, ko a gyara jimlar. Ya karanta. Shiru.

Litinin, 21 ga Yuli, yamma

Shiru. Ya wuce ni a matakala ya ce, "Ya gida?"

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Ummi ta fara rarrafe jiya, da baya take tafiya. Mama ta yi dariya har ta yi hawaye, daga nan hawayen ya zarce. Na fita tsakar gida na yi ta share inda babu datti.

Kafin ake tacewa. Ko ɗan aji ɗaya ya sani. Shi ma ya sani, shi ya koya mini a shekarata ta farko. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

An yi taron ta bidiyo da Farfesa Oreoluwa, shugabar ɓangaren lissafi ta abokan aikinmu, wadda aka tura wa daftarin rahoton. Dakta ya ce in zauna a ciki tunda sunana yana kan rahoton, amma shi zai amsa tambayoyi. Na zauna a ƙarshen tebur.

Ya yi bayani mai daɗi, ya iya. Ya kawo hoton asibitin, ya kawo adadin matan da ke rasuwa. Da ya gama, matar ta cire tabarau, ta yi magana da Turanci a hankali. Ta ce ɗari uku daga mutum ashirin da huɗu abu ne mai yawa, ta taya mu murna. Sai ta ce tambaya ɗaya gare ta ga wadda ta yi lissafin: ƙwayoyi nawa suka shiga gyaran ƙarshe, kuma a wane mataki aka tace?

Dakta ya ce, "Kamar yadda yake a rubuce, Farfesa."

Ta ce ta karanta abin da ke rubuce, Malama Sa'ida take tambaya.

Ina jin ƙarar fanka. Yemi yana kallon tebur. Na tuna ban ci komai ba tun safe, wannan ne abin da ya zo mini a rai, ban san dalili ba.

Na ce, "Ni na tace kafin gwaji, dubu sha uku da ɗari takwas suka rage, kuma ban samu ko ɗaya ba. Jerin da ke gabanki ba nawa ba ne. An tace shi bayan an ga sakamako." Na ƙara da cewa akwai abin da ya kamata su sani game da ni ma: ɗaya daga cikin matan yayata ce, ta rasu, ban faɗa ba.

Farfesa ta ce a tura mata fayilolin biyu, nawa da na Yemi, kuma kada rahoton ya je ko'ina tukuna. Ta kashe.

Dakta ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ban sani ba." Ya fita.

Na so a ce ya zage ni.

Juma'a, 25 ga Yuli, azahar

Katina bai buɗe ƙofa ba. Mai gadi ya ce umarni ne daga sama, har sai kwamiti ya zauna a kan maganata da ta rahoton. Ya ba ni haƙuri sau uku. Yemi ya fito mini da kofina da cajar waya a leda. Ya ce ya tura fayilolin jiya da kansa, bai goge ko layi ɗaya ba.

Kafin sha ɗaya ina gida. Ban taɓa ganin hanyar Zuba babu cunkoso ba.

Litinin, 28 ga Yuli, azahar

Babu labari. Na yi wa Hilda saƙo na ba ta haƙuri. Ta amso da kalma biyu: "Na sani."

Laraba, 30 ga Yuli, la'asar

Har yanzu ina jin haushi, sai dai ban san inda zan ajiye shi ba. Da safe na fara rubuta yadda za a yi sabon gwajin: mata sittin, ƙwaya ɗaya, ƙa'ida a rubuce kafin a ɗebi ko ɗigo. Ban san wa zan ba ba.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan la'asar

Yaya Tanimu, mijin Yaya Fatsuma, ya zo daga Sabon Wuse ganin 'yarsa, kamar kowace Asabar. Da can ba ya shigowa gidan nan sai ya tsokane ni, yanzu gaisuwa kawai muke yi. Ya zauna a tabarma, Ummi tana jan gemunsa. Mama ta riga ta faɗa masa ina gida kwana tara.

Ya ce, "Ƙanwata, binciken naku. An gano abin?"

Na shirya amsoshi da yawa a makonnin nan, na Dakta, na kwamiti, na Farfesa. Ban shirya tasa ba.

Na ce, "Ba a gano ba, Yaya."

"Ko kaɗan?"

"Akwai wata alama, amma ba ta isa a ce komai ba. An so a ce ta isa. Na ƙi."

"Shi ya sa kike gida."

"E."

Ya gyaɗa kai, ya juya Ummi ta fuskanci waje. Na ɗauka maganar ta ƙare.

Sai ya ce, "Ranar da aka zo ɗibar jinin, ni na hana. Na ce mace ga kumburi ga ciwon kai, wane jini kuma za a ɗiba. Kin san tsoronta da allura. Ta miƙa wa Hilda hannu ta kau da kai, ta ce, 'Ɗebi da yawa, aikin ƙanwata ne. Ita ba ta ha'inci.'"

Mama ta tashi ta shiga ɗaki.

Na ce masa ban sani ba. Ya ce ai bai taɓa faɗa wa kowa ba, bai ga amfanin faɗa ba sai yau. Ya miƙo mini Ummi don zai yi alwala, na karɓe ta, ta jiƙa mini kafaɗa da yawu.

Lahadi, 3 ga Agusta, safe

Kwamiti ranar Laraba, ƙarfe goma. Na goge kayan da zan sa.